Na Gaba Ba Ya Tsayawa

Meran, 5 ga Mayu, 1963

Zuwa ga Baffa Serafin,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kana lafiya, kai da mutanen gidan da kake zaune a Fent. Idan ka tambaye mu, muna nan ƙalau, sai dai ƙafar Mama da ke kumbura duk ranar da aka yi sanyi.

Ni ce Notburga, 'yar yayanka Kassian. Na rubuta sunana cikakke ne don ban sani ba ko za ka gane rubutuna. Rabonka da ni ina da shekara goma sha biyu, yanzu kuwa ina makarantar kwana ta Sistoci a nan Meran. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun farko na yayyaga su.

Baffa, bana ni zan haye Ƙanƙara da tumakinmu. Ka san doka: duk gidan da zai tura tumaki kiwon bazara a bayan dutse sai ya ba da mutum ɗaya. Luis, maƙwabcinmu da ke tafiya a madadinmu, ya sami aiki a birni, saura ni da Mama. Kuma Tsoho Hias, shugaban masu kora tumaki, ya ce ba a baya zan tsaya ba. A gaba zan tafi da jakar gishiri. Tunkiyar da ke jan garke ta mutu da sanyin bana, babu wadda ta san hanya kamar Baƙar Kunne tamu, ita kuwa tun da Baba ya rasu ba ta bin kiran kowa sai nawa.

A makaranta an koya mana cewa Ƙanƙara kogi ne kawai da ya daskare tsakanin duwatsu, yana gangarowa a hankali. Na ci jarrabawar. Amma duk da haka ba na iya kallonta ta tagar ɗakin girkinmu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka yi haƙuri idan na wuce wurina. Shekara huɗu ke nan Mama tana faɗin magana ɗaya: "Ya ji shi. Ya ji ɗan'uwansa yana kiransa daga cikin tsagar Ƙanƙara, ya ci gaba da tafiya da tumakinsa." Ta ce ba za ka sake taka ƙofarta ba. Mutanen ƙauye idan na tambaye su sai su kalli takalmansu. Ba mu da kabarin da za mu je, kai kuma da ka gani da idonka ba ka dawo ba.

Ina so ka dawo gida, Baffa. Amma ban san ko ya kamata in so hakan ba sai na ji amsarka. Shin ka ji shi?

Ka huta lafiya. Allah ya tsare ka.

'Yarka mai biyayya,
Notburga

Fent, 14 ga Mayu

Burgel,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, ina cin abinci, haƙorina ɗaya ya faɗi.

Wa ya koya miki rubuta wa Baffanki kamar kina rubuta wa alƙali? Sistocin nan sun iya aiki. Na kai wa matar maigidana ta karanta mini sau biyu, ba don ban iya ba, don dai in ji yadda take fita a bakin mutum.

To, Hias ya haukace ke nan, ya sa 'yar shekara sha shida a gaba. Amma ya yi daidai game da Baƙar Kunne. Taurin kai gare ta irin na ubanki.

Ki saurara. Ki shafa wa takalminki kitse kwana uku kafin tafiya, ba ranar ba. Ki shafa baƙin tukunya a ƙasan idonki, in ba haka ba hasken zai makantar da ke har kwana biyu. Kada ki ba tumaki gishiri a kan hanya, ki dinga girgiza jakar kawai su ji. Ki taka inda masu share hanya suka taka, ki bi sandunan da suka kafa. Inda kika ga dusar ƙanƙara ta yi ɗan lotsawa, ko ta fi sauran laushi a ido, to rami ne a ƙarƙashi.

Babbar magana kuma ita ce wannan: daga dutsen farko har dutsen ƙarshe, na gaba ba ya tsayawa. Ko takalminki ya kwance. Ko kare ya faɗa. Hanyar faɗin tunkiya ɗaya ce. Idan kika tsaya, ta baya ta hau ta gaba, ɗari takwas su taru wuri ɗaya, gadar dusar ƙanƙarar da ke ƙarƙashinku ta karye da ku gaba ɗaya.

Tambayarki na gan ta.

Ki sa safa biyu. Ki gaida ƙafar uwarki, tunda ita kanta ba za ta amsa ba.

Serafin

Gida, 1 ga Yuni

Zuwa ga Baffa Serafin,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami wasiƙarka kuma na gode ƙwarai da shawarwarin. Na kwafe su a bayan littafin lissafina. Shugabar makaranta ta ba ni izini na dawo gida da wuri.

Shekaranjiya an yi taron masu kora a gidan Tsoho Hias. Ina shiga Toni Gorfer ya ce, "Ku matsa, ku matsa, ga malama ta iso! Bana da Latin za a kira tumaki." Aka yi ta dariya. Wani ya ce, "Idan ta ɓata hanya ai sai ta duba littafi." Sai Hias ya ce, "Kai Toni, bara da kai ka kira su ina suka nufa? Gonar kabejin Fada na coci." Dariyar ta koma kansa, ni kuma na samu na zauna.

Jiya na bi masu share hanya har bakin Ƙanƙara don in gan ta kusa. Baffa, ba ka gaya mini tana magana ba. Ruwa yana gudu a ƙarƙashinta, sai ka ji kamar mutane ne ke hira a ɗakin da ke kusa, an rufe ƙofa. Na leƙa wata tsaga. Shuɗiya ce daga sama, tana ƙara duhu, ban ga ƙarshenta ba. Toni ya jefa dutse, muka jira, ba mu ji saukarsa ba. Daga nan bai ƙara tsokanata ba har muka sauko. Tsoho Hias kuma ya nuna mini da sanda wani wuri can tsakiya, inda hanya take matsewa tsakanin tsaga biyu. Ya cire hularsa, ya mayar.

Tsofaffi suna cewa waɗanda suka mutu ba a yi musu addu'ar ƙarshe ba suna nan cikinta a tsaye, suna jira. Sista Imelda ta ce camfi ne. A aji na yarda da ita.

Mama ta ga wasiƙarka. Ban ɓoye ba, ba na iya ɓoye mata abu. Ta karanta a tsaye, ta ce, "Safa biyu! Ji mutumin da ya san darajar rai." Na ce, "Mama, ai dokar ce." Ta ce, "Doka? Burgel, idan na faɗa rijiya ina kiranki, doka za ki karanta mini?" Sai ta ƙara da cewa, "Mutum ya fi tunkiya. Ko ɗari takwas ce." Bayan haka ta zauna ta shafa wa takalmina kitse da hannunta, har sau biyu.

Ran sha huɗu za mu tashi. Ka ce ka ga tambayata. Don Allah, Baffa, kada ka bar ni in taka wurin nan ban sani ba.

Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Notburga

Fent, 8 ga Yuni

Burgel,

Ina gaishe ki. Wannan ban ba kowa ya duba mini ba, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Na ji shi.

Gajimare ya sauko mana muna tsakiyar wurin da Hias ya nuna miki. Ni ne a gaba. Ubanki yana tsakiyar layi, ya fita daga hanya taku uku don ya ɗauko ɗan tunkiyar da ya kauce, haka Hias ya gaya mini daga baya. Ni ban ga komai ba. Na dai ji "Serafin!" Sau uku. Na farko da ƙarfi. Na biyu ma da ƙarfi. Na uku ba da ƙarfi ba.

Uwarki ta ce na zaɓi tumaki. Akwai mutum goma sha ɗaya a cikin tumakin nan, Burgel, a warwatse a kan gada ɗaya. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce na tsaya na ƙidaya su ba. Ban ƙidaya kowa ba. Ƙafafuna ne suka ci gaba. Ubanki ne ya koya musu. Ina da shekara sha huɗu na taɓa tsayawa ɗaukar hulata, da muka kai dutse ya mare ni a gaban kowa har na faɗi, sannan ya zauna ya yi kuka.

Na kai dutsen ƙarshe, na jira tunkiya ta ƙarshe ta sauka, na koma da gudu da igiya. Kusan awa ɗaya ke nan. An zura ni har igiya ta ƙare. Na kira shi har muryata ta tafi. Ruwa kawai ke amsawa.

Da na tsaya, ko da an kai gare shi da rai? Ban sani ba. Ko da gadar ta karye? Ban sani ba. Shekara huɗu ina juya ta.

Kin ce in dawo. Akwai motar da ke zagayawa ta ƙasa, kwana ɗaya ce, ba sai na taka Ƙanƙara ba. Sau biyu na je tasha. Amma in shiga gidan ubanki in zauna a kan bencinsa, matarsa tana kallona? Ba zan zo ba sai ita ta ce in zo.

Yanzu kin sani. Ki tsane ni idan kina so, amma a kan dutse, bayan kin sauka.

Serafin

Bukkar makiyaya, bayan dutse, 15 ga Yuni

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya, ya ƙafa kuma? Tsoho Hias ne zai kawo miki wannan, don haka kafin ki buɗe kin riga kin ga ban dawo tare da su ba. Kada hankalinki ya tashi. Lafiyata ƙalau, kuma tumakinmu talatin da ɗaya duk sun haye. Zan gaya miki komai a jere, yadda ya faru.

Mun iso bakin Ƙanƙara da hantsi, sama garau. Toni ya shafa mini baƙin tukunya da yawa, ya ce, "Yauwa, yanzu kin yi kama da Baƙar Kunne, za ta ɗauka yayarta ce." Hias ya yi addu'a gajeriya, ya ce, "To 'yar Kassian, bismillar tafiya a ƙafarki take." Na girgiza jaka, na yi kira, na taka.

Da farko har daɗi na ji. Dusar tana da tauri, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Na waiwaya sau ɗaya ina tafe, na ga layin ya miƙe har ƙasa, ja da shuɗi da kore na fentin alamar kowane gida a gadon bayansu, ƙararrawa tana ta kaɗawa. Na ce a raina ashe abin da Baba yake gani ke nan.

Muna dab da inda hanya take matsewa sai gajimare ya taso daga kwari. Ban taɓa ganin abu mai sauri haka ba. Sama fari, ƙasa fari, ba na ganin komai sai sandar da ke gabana, idan na kai ta sai in nemi ta gaba. Ƙararrawar ma ta koma kamar an lulluɓe ta da bargo. Tsaga a dama, tsaga a hagu, ina jin sanyinsu a kumatuna.

A nan aka kira ni, Mama.

Daga baya ne, ta hagu, kuma daga ƙasa. Muryar namiji. Abin da ya fara zo mini shi ne wani daga cikin mutanenmu ya faɗa, Toni ko Hias, yana can a rataye yana jiran igiya. Na tuna maganarki ta rijiya. Wallahi na tuna ta kalma kalma. Amma ina jin numfashin Baƙar Kunne a bayan gwiwata, da na wadda ke bayanta, da ƙasa tana ɗan motsi a ƙarƙashinmu kamar katakon da ya ruɓe. Ban yanke shawarar komai ba. Ina kuka, ina girgiza jaka, ina tafiya.

Sai aka sake kira. Wannan karon na ji sosai. Ba "Burgel" aka ce ba. "Burgele" aka ce, da jan ƙarshen nan. Kin san mutum ɗaya ne yake kirana haka.

Kuma ba ni kaɗai na ji ba. Baƙar Kunne ta ja ta tsaya, ta juya kanta hagu, ta yi irin kukan da take yi idan Baba ya shigo garke da safe. Ta ɗaga ƙafa za ta fita daga hanya. Ta baya ta riga ta hau ta. Na cafke igiyar ƙararrawarta, na ja ta da duk ƙarfina har ta shaƙe, na buge ta a hanci da jakar gishiri. Ban taɓa dukanta ba sai jiya. Ta biyo ni.

Ban san tsawon lokacin da na yi ba kafin takalmina ya taka dutse. Na tsaya ina ƙidaya mutane, ba tumaki ba, ɗaya bayan ɗaya suna fitowa daga farin nan. Goma sha huɗu muka taso, goma sha huɗu muka sauka. Na tambayi kowa wa ya kira ni. Toni ya ce, "Kira? Ni da haƙorana ke kaɗawa?" Ya so ya yi dariya, da ya ga fuskata ya fasa. Hias ya ce iska ce take shiga tsaga, amma bai kalle ni ba da yake faɗa.

Baffa Serafin yana nan a kan dutsen yana jira, taku biyu daga inda ƙanƙara ta ƙare. An ce haka yake tsayawa duk shekara, ba ya ƙara ko taku ɗaya. Ya tsufa, Mama, ba za ki gane shi ba. Bai gaishe ni ba. Ya dube ni ya ce, "Sau nawa?" Na ce, "Biyu." Ya gyaɗa kai, ya ciro burodi da cuku daga aljihu ya miƙo mini.

Mama, ban taɓa yi miki gardama ba, kuma ba gardama nake yi ba yanzu. Amma lokacin da na ji kiran farko ban san ba mai rai ba ne, kuma ban tsaya ba. Da na biyu na san ko wane ne, kuma ban tsaya ba. Abin da Baffa ya yi shi na yi. Idan ƙofarki a rufe take gare shi, ban san yadda zan shiga ta ni kaɗai ba.

Gaskiya kuma, ko da babu wannan, ba zan iya sake taka wurin nan yau ba. Zan zauna in taya shi kiwo har Satumba. Ya ce idan tumaki za su koma zai taka Ƙanƙara tare da ni, yana bayana, in dai kin ce ya zo. In ba ki ce ba, zai raka ni bakin dutse ya juya.

Luis ya yi alkawarin zuwa yankan ciyawa ranakun Asabar, kuma matar Hias za ta dinga leƙo ki. Ki yafe mini idan na ɓata miki rai.

'Yarki mai ƙaunarki,
Burgel

Gida, 19 ga Yuni

Burgel,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa da sauƙi. Na karanta takardarki. Na aiko miki da rigar sanyi da man shafawa ta hannun mai kai gishiri.

Kwana uku ina tsaye a tagar ɗakin girki kafin in iya ɗaukar alƙalami.

Ki ce wa Serafin ya zo. Ban ce na yafe ba, kada ya ɗauka haka. Ina so ya zauna a gabana ya gaya mini da bakinsa yadda muryar take a kira na uku. Ban taɓa tambaya ba, kuma shi kaɗai ya sani.

Ku ɗaura igiya a tsakaninku. Ki ci abinci sosai.

Kuma Burgel, idan ya sake kiranki a hanyar dawowa, ko sau goma ne, ko da wane suna ne, kada ki tsaya.

Uwarki,
Filomena